Albasar da Ta Ƙi Kwanciya

Duk wanda ya bi ta bakin kogi a ranin nan sai ya tsaya a gonar Mai Faci. Komaye arba'in ne na albasa, ganyenta ya yi kore har yana neman komawa baƙi, ya miƙe ya kai gwiwar babban mutum. In iska ta kaɗa sai ka ji yana ƙara kamar sabon takalmi. Gonakin maƙwabta a gefenta duk sun zama kamar masu jinya. Masu wucewa su ce Allah ya sa albarka, Mai Faci ya amsa da amin, ya bi su da kallo har su ɓace.

Shi ba manomi ba ne. Shekara talatin yana gyaran keke da facin taya a ƙarƙashin wata rumfar kwano a bakin titi, daga nan sunan ya bi shi. Gonar gadon mahaifinsa ce, ya bar wa ciyawa ita shekara da shekaru. Abin da ya mayar da shi cikinta babban ɗansa ne, wanda kowa ke kira Dogo.

Dogo ya kai ashirin da shida. Ya koyi walda, ya iya ta, sai shagon da yake aiki ya rufe, ya dawo gida yana zaman kallon bango. Abokansa uku sun riga sun bi hanyar nan da samari ke bi, wadda ake ratsa sahara a bayan mota sannan a hau ruwa. Ɗaya ya turo hoto sanye da rigar sanyi. Ɗaya ya dawo yana jan ƙafa, ba ya son a tambaye shi komai. Na ukun, shekara biyu ke nan uwarsa tana kai wayarta caji kullum, ba ta taɓa jin muryarsa a ciki ba. Ranar da Dogo ya ce shi ma zai tafi, Mai Faci ya kama hannunsa a tsakar gida, abin da rabonsa da yi tun Dogon yana koyon tafiya.

"Ka ba ni rani ɗaya," ya ce. "Mu yi albasa a gonar kakanka. In ta ba mu abin da za ka buɗe shagonka, ka zauna. In ta hana, ba zan tare maka ƙofa ba."

Dogo ya gyaɗa kai.

"Rani ɗaya, Baba."

Suka raba aikin. Dogo ne mai ƙarfi, shi ya ɗauki dashe da cire ciyawa da ban ruwa. Mai Faci yana rumfarsa da safe, da yamma ya hau keke ya gangaro gona, kuma duk abin da za a sayo daga gari shi ke sayowa.

A wata na biyu malamar gona ta zo a kan babur ta tara masu albasa a inuwar bishiyar da ke bakin hanya. Dogo bai samu zuwa ba, yana cikin ruwa har ƙugu yana ciro ciyawar da ta toshe bakin tiyo. Malamar ta ɗaga wani buhun taki da ba komai a ciki.

"Lambobi ukun nan da kuke gani a jikin kowane buhu ba lambar waya ba ce," ta ce. "Abinci ne kala uku. Ta farko ta ganye ce, ita ke sa shuka ta yi kore ta yi tsayi. Ta biyu ta saiwa ce. Ta uku ta ƙwarin jiki ce, ita ke taimaka wa albasa ta ɗaura kai mai tauri wanda zai jure ajiya. Kowace lamba tana gaya maka kashi nawa cikin ɗari na abincin nan ke cikin buhun."

Maƙwabcin gonar Mai Faci, wani dattijo da ake kira Tsohon Soja, ya gyara zama.

"To Malama, a ba mu wanda duk ukun suka fi yawa mana. Mu a bariki ba a taɓa cewa abinci ya yi yawa ba."

"Shi ya sa tumbinka ya riga ka isowa wurin taron nan, Baba Soja."

Aka kwashe da dariya, har shi Sojan. Malamar ta jira suka lafa.

"Yanzu albasarku ta gama yarinta, ganye ya ishe ta, kai za ta fara. Ku nemi mai ƙaramar lamba a farko, babba a ƙarshe. Goma, goma, talatin. Wanda ya ɗura mata abincin ganye a wannan gaɓar, ganye zai girba."

Mai Faci mutum ne da bai yarda da ƙwaƙwalwarsa ba. Ya lalubo guntun kwalin da ake sako tif ɗin keke a ciki, ya ciro biro daga hularsa. Karatun da ya yi yana yaro irin wanda ake farawa daga dama ne, lambobin boko kuwa a jikin taya da waya ya koye su. Ya rubuta goma ta farko a bakin kwalin na dama, ya sa ta biyu a hagunta, ya kai talatin can ƙarshen hagu. Ya karanta sau biyu, ya ji daidai da abin da aka faɗa, ya linke ya sa a aljihu.

Shagon taki a cike yake washegari. Ɗaki ne siriri, buhuna sun kai rufi, warin yana sa ido ƙwalla. Mai shagon ya maƙale waya tsakanin kunne da kafaɗa, yana faɗa da wani direba yana sallamar mutum uku lokaci guda. Mai Faci ya ga ko ya yi magana ba za a ji shi ba, sai ya miƙa kwalin ya ɗaga yatsu uku. Mai shagon ya duba.

"Takin masara a wannan lokacin?" ya ce.

Mai Faci ya ɗauka da direban da ke kan wayar yake. Aka fito masa da buhu uku. Bai tafi ba sai da ya durƙusa ya ɗora yatsa a kan lambobin, daga dama, ya karanta: goma, goma, talatin. Ya gwada da kwalinsa, sun zauna daram kamar tif a cikin taya. Biyu da rabi suka zuba a satin. Rabin da ya rage aka ɗaure bakinsa aka jingine a bayan ƙofar ɗakin ajiya.

Sati uku bayan nan ne gonar ta fara tsayar da masu wucewa.

Da zafi ya tsananta, albasar mutane ta fara kwanciya. Haka take yi in ta nuna: wuyanta ya yi laushi ya bushe, ganyen ya zube a kan ƙasa, mai gona ya janye mata ruwa ya fara shirin cirewa. Ta Tsohon Soja ta kwanta komi bayan komi. Ta mutanen gabas ta kwanta, ta na yamma ta bi. Ta Mai Faci tana tsaye. Kullum da yamma ya jingine kekensa ya zagaya komayen arba'in yana neman ko ƙwaya ɗaya da ta sunkuyar da kai, bai samu ba. Sabon ganye ma take fitarwa daga tsakiya.

Wata ranar Tsohon Soja ya tsallako kunya ya shigo, hannu a baya. Ya sunkuya da ƙyar ya kama wuyan ɗaya ya matsa.

"Mai Faci, wannan albasa ce ko rake?"

"Ka ga abin da ka gani."

"Wuyanta ya kai na ɗan kokawa. Ni dai tun da nake ban ga mai irin wuyan nan ta yi zaman rumfa ba. Sati biyu ta fara kuka."

Dogo yana can yana jan tiyo, ya ɗago yana dariya.

"Hassada ce, Baba Soja. Taka ta gaji ta kwanta, tamu yanzu ta fara cin abinci."

"Allah ya sa hassadar ce, ɗana," in ji tsohon. Ya kaɗe hannunsa ya koma gonarsa, bai ƙara ko kalma ba, shi da ba ya barin magana ta faɗi ƙasa.

Mai Faci ya jira har Dogo ya gangara kogi wanke jiki. Ya shiga tsakiyar gonar inda ganye ya fi duhu, ya tona da yatsa. Abin da ya fito bai fi ƙwan kaza ba, dogo ne kamar kwalba, ba a gane inda wuya ya ƙare kai ya fara. Ya danna da babban yatsa, ya lotsa, ruwa ya taso. Ya waiga hagu da dama, ya cusa ta cikin aljihun rigarsa, ya share ramin da ƙafa.

A gida matarsa ta ajiye masa abinci, ya buɗe ya rufe.

"Malam, lafiya? Tun da ka shigo kake warin albasa, kuma ko loma ba ka kai ba."

"Zafi ne."

"Zafin yau ya fara?"

Ya tambaye ta ina buhunan takin da suka ƙare. Ta ce ɗaya ta yanka ta rufe akurkin kaji, ɗaya yana nan a rataye. Da safe ya linke shi ya ɗaure a bayan keke, ya wuce rumfarsa bai buɗe ba.

Ofishin malamar ɗaki ɗaya ne a ƙarshen wani dogon gini. Fanka ta mutu, an tokare tagar da sanda, bango duk hotunan tsutsa da ganyaye masu tabo. Ta gane shi, ta janyo masa kujera. Ya ajiye albasar a kan tebur, ya shimfiɗa buhun kusa da ita. Ta ɗauki albasar ta juya ta, ta matsa wuyan. Sannan ta dubi buhun, fara'ar fuskarta ta ɗauke.

"Baba, wa ya ba ka wannan?"

"Wanda kika ce ne, 'yata. Na rubuta a gabanki."

"Karanta min."

Ya ɗora yatsa. "Goma. Goma. Talatin."

Ta bi yatsan da ido har ya tsaya. Ta kama hannunsa a hankali ta mayar da shi ɗaya gefen.

"Daga nan ake farawa. Kullum daga hagu, a kowane buhu. Sake karantawa."

Mai Faci ya duba. Ita ta karanta masa.

"Talatin, goma, goma. Ganye talatin, Baba. Ninki uku na abin da na ce, a daidai lokacin da ya kamata a rage mata shi. Abin da zai ƙarfafa kan kuma kashi ɗaya cikin uku ta samu."

Ya zaro kwalin ya miƙa mata da hannu biyu, kamar mai kai shaida gaban alƙali. Ta karɓa ta duba.

"Abin da na faɗa ka rubuta, abin da ka rubuta aka ba ka," ta ce. "Da ka faɗa wa mai shagon da baki, da ba haka ba. Ni ma da laifina, na yi ta cewa farko da ƙarshe ban nuna da yatsa inda farkon yake ba."

"Akwai magani?"

"Abin da ya shiga ƙasa ba ya fitowa. Amma ba duka ta tafi ba. Daga yau ko ƙwayar taki ɗaya kada a ƙara. A rage ruwa sosai, nan da kwana kaɗan a yanke shi gaba ɗaya, yunwa da ƙishi za su tilasta wa wasu su ɗaura kai. Masu kaurin wuya a tuge su a satin nan a sayar ɗanye da ganyensu, tun suna da kyan gani. Za ku fita da wani abu."

"Kwana nawa nake da shi?"

"Jiya ta fi yau. Ɗanka ne ke ban ruwa, ko? Ka gaya masa kafin ya tayar da injin yamma."

Ya tuƙa keken zuwa gida yana jera maganar a ransa. Ya samo farkonta, ya samo tsakiyarta. Da ya shiga soro sai ya ji dariya a tsakar gida. Dogo ne durƙushe da gawayi a hannu, ya zana shago a jikin bango, yana nuna wa uwarsa inda injin walda zai zauna da inda za a jingine ƙofofin da aka gama.

"Nan kuma benci ne, Inna, in kin zo duba ni."

"Ni in zauna a cikin tartsatsin wuta? Ka yi wa ubanka dai, shi da ya saba da ƙarfe."

"Baba rumfarsa za a tayar a dawo da ita nan gefe. Faci a dama, walda a hagu." Ya juyo ya ga uban. "Ko ya ka gani, Baba?"

Rabon da Mai Faci ya ga haƙoran yaron nan a cikin gida an fi shekara. Ya haɗiye maganar da ya jera.

"Ya yi kyau," ya ce. A ransa ya ce gobe.

Goben ta zo, ya ga wata dabara da ta fi magana sauƙi. Ya riga Dogo zuwa gona, ya kwance filogin injin ban ruwa ya sa a aljihu, ya mayar da murfin. Dogo ya zo ya yi ta jan igiya har gumi ya jiƙa masa riga. Mai Faci ya tsuguna yana ƙwanƙwasa injin da sifana, yana kasa kunne.

"Ya gaji ne. Mu bar shi kwana biyu, ita ma albasar ta huta da ruwa."

"A wannan zafin, Baba?"

Kafin rana ta take, Dogo ya ɗauko injin Tsohon Soja a kafaɗa, tun da shi ya gama ban ruwansa. Ruwa ya cika komaye har yana tumbatsa, ya ba su na safe ya haɗa da ramuwa.

"Na ji ana cewa a rage mata ruwa yanzu," in ji Mai Faci, idonsa a kan tiyo.

"Wa ya ce?"

"Mutane."

"Mutanen da tasu ba ta kai rabin tamu ba? Bari su yi ta faɗa."

Kwanaki suka yi ta tafiya a haka. Kowace safiya Mai Faci ya tashi da niyya, kowace yamma ya dawo da ita ba a taɓa ba. A rumfa ya yi wa wani faci a inda ba huji, ya ɗaura wa wani sarƙa a juye. Duk kwanan da ya wuce sai maganar ta ƙara nauyi, don yanzu sai ya haɗa da bayanin abin da ya sa bai faɗa jiya ba.

Ran na biyar da zuwansa wurin malamar ya gangaro gona bayan la'asar, ya hango Dogo a tsakiyar komaye da kwano a hannu, yana watsa wani abu. A bakin kunya buhun nan ne na bayan ƙofa, a buɗe, an kusa ganin gindinsa. Sai da Mai Faci ya yi tunanin ɓoye buhun tun ranar farko, ya fasa don kada a tambaye shi dalili.

"Na tona ɗaya na ga kan bai cika ba," Dogo ya ɗaga murya daga inda yake. "Na ce bari in ƙara mata wannan da Malama ta ce yana ɗaura kai. Ai gara a cikin ƙasa da a bayan ƙofa."

Komaye shida suka rage bai kai ba. Mai Faci yana riƙe da kan kekensa, yana kallon ƙwayoyin suna faɗawa tsakanin ganye suna narkewa a jiƙaƙƙiyar ƙasa. Ya buɗe baki.

"Sannu da aiki," ya ce.

Dogo ya cika kwanon ya shiga komi na gaba.

Ran na goma sha ɗaya gari ya wayi da nauyi. Iska ta tsaya cak, gajimare ya fara taruwa a gabas, irin wanda ke gaya wa mai albasa lokacinsa ya ƙare. Gonakin maƙwabta duk an cire, sai ƙasa tsirara da busasshen ganye. Tasu kaɗai ta rage a bakin kogin, kore shar, ana hango ta daga titi. Wani wari kuma ya fara tashi daga tsakiyarta, ba mai ƙarfi ba, sai ka sunkuya za ka ji.

Dogo ya ji shi. Ya shiga yana tugewa, ɗaya daga nan, ɗaya daga can, har goma. Ya jera su a kan kunya a gaban ubansa. Duk siffar kwalba. Ya matsa ta farko ta lotsa. Ya matsa ta uku, wani ruwa mai yauƙi ya fito ta wuyan ya bi masa yatsu. Ya koma ya tugo wasu goman daga ɗaya gefen. Da ya gama jera su sai ya zauna a ƙasa ya ɗora hannuwansa a kan gwiwa.

"Iri ɗaya muka saya da Baba Soja," ya ce a hankali. "Ruwa ɗaya, ƙasa ɗaya. Na fi shi zuwa gona, na fi shi komai. Ni ne, Baba. Shagon da na shiga ya rufe, gonar da na taɓa ta ruɓe. Ba ni da rabo a nan, kowa ya gani sai kai."

Mai Faci ya matso. Ya zauna kusa da shi a cikin laka, ya zaro kwalin, wanda gumi ya riga ya tausasa.

"Karanta wannan."

"Talatin, goma, goma."

"Ni goma, goma, talatin na rubuta. Daga dama na fara. Takin ganye na sayo mana, buhu uku. Ba kai ba ne, ba ƙasar ba ce."

Dogo ya dubi kwalin, ya dubi gonar, ya sake duban kwalin. Sai dariya ta ƙwace masa, gajeriya, har da girgiza kai.

"Daga dama! Kai, Baba. Shi ke nan? Wannan ne duka?" Ya share ido da bayan hannu. "Wallahi na ɗauka wani abu ne a jikina. To ai wannan kowa zai iya yi. In haka ne baɗi sai mu..."

Ya tsaya. Ya juyo gaba ɗaya ya fuskanci uban.

"Wa ya nuna maka?"

"Malama."

"Yaushe?"

Mai Faci yana iya cewa jiya. Ba wanda zai ƙaryata shi a wurin. Ya dubi albasar da ke jere a kan kunya.

"Yau kwana goma sha ɗaya."

"Me ta ce a yi?"

Ya faɗa masa duka, da yanke taki, da janye ruwa, da tuge masu kaurin wuya a kai kasuwa tun suna da kyau. Ya sa hannu a ɗaya aljihun ya fito da filogin ya ajiye a ƙasa tsakaninsu. Dogo ya kalli filogin kamar bai taɓa ganin irinsa ba.

"Ranar da nake zuba sauran buhun, ka sani ke nan."

"Na sani."

"Ka ce min sannu da aiki."

"Tsoro na ji. Na ga kana dariya a gida, na ce in na faɗa za ka tafi."

Dogo bai ɗaga murya ba. Ya tashi ya kaɗe wandonsa, ya ɗauki injin Tsohon Soja ya saɓa a kafaɗa don ya mayar.

"Da ka faɗa ranar, Baba, da ni da kai mun tuge ta mun kai kasuwa, mu yi dariyar abin har baɗi. Ban san yadda zan sake tsayawa a gona kana tsaye a bayana ba."

Kwana uku ya ƙara a gidan. Ya taya su tuge abin da za a iya tugewa, bai kai kashi ɗaya cikin biyar ba, sauran ruwan farko ya sauka a kai. Yana gaida ubansa safe da yamma, a durƙushe kamar kullum, amma daga gaisuwar ba ya ƙara komai. Uwarsa ta yi kuka ta yi roƙo, ta juya kan mijinta.

"Malam, ka yi magana mana! Kai ne ubansa, ka hana shi!"

"Na ce ba zan tare masa ƙofa ba."

"Yau ka san riƙe magana?"

Ranar tafiyar Mai Faci ya ɗaura jakar a bayan kekensa ya tura har tasha, Dogo yana tafe a gefensa. Motar ta riga ta cika da samari, kowa da jarkar ruwa a ɗaure da igiya. Dogo ya karɓi jakar, ya durƙusa.

"Ka yafe min, Baba."

"Ni zan ce maka haka."

"Allah ya yafe mana."

Ya hau. Mai Faci ya tsaya har motar ta sha kwana.

Ran na huɗu da tafiyar Dogo, da hantsi, Mai Faci yana rumfa, ya tsoma tif a cikin bahon ruwa yana neman huji, wayar ta yi ƙara. Ya ɗauka da jiƙaƙƙen hannu. Muryar tana zuwa tana yankewa, ana jin iska da hayaniyar mutane a bayanta.

"Baba, mun iso garin ƙarshe. An ce daga nan babu sabis. Ka gaya wa Inna kada ta damu in ta ji shiru."

"Kwana nawa za a ji shirun?"

"Direban ya ce biyar. Wasu sun ce ya fi."

"Kana da ruwa? Ka ci abinci? Dogo, ka ji ni, in ka ga abin ba..."

"Ana kiranmu, Baba."

Layin ya yanke. Mai Faci ya sake kira, aka ce masa ba a samun lambar. Mai keken da ke jiran facinsa ya yi gyaran murya, ya ce yana sauri ne.